Babi na Bakwai: Bazawarar Kwamfuta

Shekarar da ɗan ƙanwata ya samu gurbin karatu a jami'ar Aliero, ya same ni a zaure bayan la'asar da wata takarda a ninke cikin aljihu. Uwarsa ta riga ta sayi katifa da bokiti da fitila mai caji. Abu ɗaya ya rage a can ƙasan takardar, shi ne aka turo shi ya kawo wa kawunsa: laftof. Na tambaye shi wace iri yake so. Ko numfashi bai ja ba ya ce, "Kawu, ai HP." Na ce don me? Sai ya dube ni kamar na tambaye shi dalilin sa gishiri a miya. Abokansa duk ita gare su. Mai gyaran bakin tasha ita ya sani. In caja ta ƙone, ɗakin wa ka leƙa za ka samu aro.

A ranar na ɗauka yarinta ce da bin yayi. Sai daga baya na gane yaron ya fi ni lissafi.

Muka tafi shago. Duk wanda ya taɓa sayen kwamfuta a Jega ko Birnin Kebbi ya san karatun da ake biya wa mai saye, ba a tsallake ko wasali. "Alhaji, wannan EliteBook ce, 840 G3, Core i5, jenareshin na shida, ram takwas. Daga Landan kai tsaye, sukundireba bai taɓa ta ba." Na kife ta a kan tebur. A bayanta akwai wani ɗan murabba'i da gam ya bar wa tabo, inda aka ɓamɓare lambar kadara ta wani ofis. Na buɗe na dubi madannai. Inda Y ya kamata ya zauna, Z ne a wurin, ga kuma wasu haruffa masu ɗigo biyu a ka. Wannan ba ta taɓa shaƙar iskar Landan ba, Bajamushiya ce. Ban ce mai shago ya yi mini ƙarya ba. A bakin 'yan kasuwarmu "Landan" sunan daraja ne, kamar yadda "Beljiyam" ya zama sunan kowace mota ta hannu ko da daga Amurka aka yo ta.

An ƙera ta a 2016, mun saye ta tana da shekara biyar a duniya. Bazawara ke nan, kuma ban faɗi haka da raini ba, don mutanenmu sun san bazawarar da ta zauna gidan mutunci takan fi wata budurwar iya riƙon gida. Aurenta na fari a wani ofis aka ɗaura shi, ɗaki mai sanyi da wutar da ba ta ƙiftawa. Manyan ma'aikatu a Turai da Amurka, bankuna da kamfanonin inshora da asibitoci, ba sa zama da kwamfuta har ta mutu a hannunsu. Galibi haya suke ɗauka, ko su saya da garanti na shekara uku zuwa huɗu. Wa'adi na cika sai a kwashe dubbai a shigo da sababbi. Akwai kamfanonin da abincinsu ke nan: su karɓi tsofaffin, su goge abin da ke ciki, su ware mai kyau da mai tabo da matacciya, su sayar da sari. Wasu su bi ta Dubai da Sharja, wasu su faɗa jirgin ruwa zuwa Apapa da Tin Can, su sauka a kasuwar kwamfuta ta Ikeja ko ta Alaba. Daga nan motar dare ta ɗauko su zuwa titin Beirut a Kano, ko ta biyo ta Kontagora da Yawuri, ta ratsa Maiyama, ta sauke kwali biyu a Jega.

Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta jagoranta a tashoshin jiragen ruwa na Legas, wanda aka fitar a 2018, ya ƙiyasta cewa a 2015 da 2016 ana shigo da kimanin tan 60,000 na tsofaffin kayan lantarki kowace shekara, da talabijin da firji da kwamfuta duk a ciki, kuma aƙalla tan 15,400 sun iso ne a mace. Mafi yawansu ma ba a kwantena suke zuwa ba. A cikin motocin Beljiyam ake cusa su, a cika but da kujerun baya.

Jega ba baƙuwar irin wannan harka ba ce. Garin da Buhari ɗan Abdussalami ya kafa ya zama babban zangon fatake a ƙarni na 19, ayarin da ke zuwa Gwanja ɗauko goro nan yake ya da kaya ya huta. Mun daɗe da sanin hajar da kan taso daga inda ba mu taɓa gani ba, ta ratsa hannu goma kafin ta zo namu. Sai dai wanda ya tsinko goro a kurmin Asante ya san akwai Bahaushe a ƙarshen hanya, dominsa ma ya tsinko. Kamfanin HP kuwa bai san da zamanmu ba. A littafinsa sau ɗaya aka sayar da wannan kwamfuta, a Jamus, aka rufe shafi. Kuɗin da na ƙirga wa mai shago ko kwabo bai isa hedikwatarsu ba. Gaskiya ne suna sayar da sababbi a Najeriya ta hannun manyan dilolinsu, bankuna da kamfanonin waya da ma'aikatun Abuja suna saye. Amma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 cikin 'yan watanni, sabuwar laftof ta zama abin kallo ta gilashi ga ɗan manomin albasa.

Shi kamfanin ma ba da kwamfuta ya faro ba. A 1939 wasu abokai biyu da suka yi karatun injiniya a jami'ar Stanford, Bill Hewlett da David Packard, suka fara haɗa na'urar gwajin sauti a garejin wani gidan haya a Palo Alto, jihar Kalifoniya, da jarin dala 538. Kwabo suka jefa sama don a san sunan wa zai zo gaba. Da ya faɗi ta ɗaya gefen, da "PH" ɗan ƙanwata zai ce mini. Cikin masu sayensu na farko har da kamfanin Disney, wanda ya ɗauki na'ura takwas saboda aikin sautin fim ɗin Fantasia. Shekara da shekaru a bakin injiniyoyi sunansu yake yawo, da na'urorin awo da kalkuleta. Steve Wozniak ma'aikacinsu ne lokacin da ya haɗa kwamfutarsa ta farko a 1976. Ya kai musu, suka ce ba sa so, shi kuma ya haɗa kai da Steve Jobs suka kafa Apple.

Sarautar kwamfuta da kuɗi suka saye ta. A 2002, ƙarƙashin Carly Fiorina, HP ya haɗiye Compaq a cinikin da aka sanar kan dala biliyan 25, bayan doguwar rigima da Walter Hewlett, ɗan ɗaya daga waɗanda suka kafa gidan. Hujjarsa ita ce ana narka ribar firinta a cikin sana'ar da ba ta da maiƙo. Aka kayar da shi da ƙyar a ƙuri'ar masu hannun jari. Bayan shekara tara sai ga shugaban kamfanin da kansa yana maimaita maganar ta wata fuska. Ranar 18 ga Agustan 2011, HP yana kan gaba a duniya wajen sayar da kwamfuta, Léo Apotheker ya fito ya ce suna tunanin rabuwa da sana'ar. Washegari hannun jarinsu ya zube da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Wata mai zuwa aka sallame shi, bai cika shekara a kujera ba, Meg Whitman da ta gaje shi ta janye maganar. Duk da haka a Nuwamban 2015 gidan ya rabu biyu, manyan injunan ma'aikatu suka tafi gefe guda, kwamfuta da firinta suka zauna da sunan HP. Kafin nan ma Lenovo na ƙasar Sin, wanda ya sayi sashen kwamfuta na IBM a 2005, ya karɓe kan gaba a 2013. A 'yan shekarun nan Lenovo na riƙe da wajen rubu'in kasuwar duniya, HP na biye da wajen humusi, sama da kwamfuta miliyan 50 a shekara, sai Dell na uku.

Me zai sa sarki ya nemi ajiye rawani da kansa? In ka kwance kusoshin bayan laftof za ka ga amsar. Ƙwaƙwalwar ta Intel ce ko AMD. Manhajar da ke tafiyar da ita ta Microsoft ce. Ram daga Samsung ko SK Hynix ko Micron. Gilashin fuska daga wani kamfanin daban. Haɗawar ma kanta, kamfanonin Taiwan irin su Quanta da Compal da Inventec ke yi a masana'antunsu na Chongqing da Kunshan a ƙasar Sin, sai kwanan nan da harajin Amurka ya sa aka kwashe wani ɓangare zuwa Tailan da Biyetnam da Meziko. Kamfani ɗaya kan haɗa ta HP ya kuma haɗa ta abokin gabarsa. Duk wanda ya taɓa tsayawa inda ake lodin albasa a Aliero ya ga irin wannan. Buhun da zai sauka a Legas ko Anaca, alamar da aka shafa masa da fenti ta ɗan kasuwa ce, wanda ya yi ban-ruwa wata huɗu ba ya ciki. Ba ina nufin ɗan kasuwar bai yi komai ba. Shi ya zaɓi iri, shi ya tantance, shi ke ɗaukar asara in ta ruɓe a hanya. Haka HP: zane nasa ne, gwaji nasa ne, garanti a wuyansa yake. Amma ribar siririya ce. A kowace dala ɗari ta cinikin kwamfuta, abin da ke rage masa bai cika wuce shida ko bakwai ba.

Maiƙon yana wurin firinta, ko in ce wurin tawada. Sashen bugu bai wuce sulusin cinikin kamfanin ba, amma ya fi sashen kwamfuta kawo riba, don akan sayar da injin da araha a dawo a fanshe a katirij. Shi ya sa a Satumban 2016 dubban firintocin HP a ƙasashe da dama suka wayi gari sun ƙi karɓar katirij ɗin da ba na kamfanin ba; ashe an dasa musu umarnin haka tun da wuri. Aka yi ca, kamfanin ya ba da haƙuri kan rashin sanarwa, ya biya diyya a wasu ƙararraki, amma bai daina tsarin ba. A Janairun 2024 shugabansa na lokacin, Enrique Lores, ya faɗa wa tashar CNBC cewa duk wanda ya sayi firinta jari suka zuba a kansa, in bai buga da yawa ba ko bai sayi tawadarsu ba, jarin ya lalace. To a wannan ma'auni, duk mai shagon buga takarda a ƙofar makaranta ko kusa da sakatariya a ƙasar nan lalataccen jari ne. Ka same shi da tsohuwar LaserJet 1020 ko P1102, katirij ɗaya ana kwance shi ana ɗura masa baƙin gari har sai ganga ta gaji a sake ta, hannunsa baƙi ƙirin, yana buga furojet ɗin ɗalibai. In ka ba shi sabuwa mai kulle kyauta, sayar da ita zai yi ya ƙaro tsofaffi biyu.

Abin da ya sa shekarar 2011 ta tsaya mini a rai ba Apotheker kaɗai ba ne. A farkon wannan shekara, wata bakwai kafin ya yi suɓul-da-bakansa, wani ɗan garin nan ya baza laftof sama da dubu ɗari a faɗin Najeriya a lokaci guda.

Farfesa Attahiru Muhammadu Jega a firamaren Sabon Gari ya yi karatu daga 1963 zuwa 1969, ya wuce sakandare a Birnin Kebbi, sannan Bayero a Kano. Ya shugabanci ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU daga 1988 zuwa 1994, zamanin da yin hakan kan kai mutum gidan yari, daga baya ya shugabanci Jami'ar Bayero. A Yunin 2010 Shugaba Goodluck Jonathan ya naɗa shi shugaban hukumar zaɓe. Rajistar masu zaɓe da ya tarar ta lalace har an ruwaito sunan ɗan damben nan Mike Tyson a cikinta. Ya ce sai an sake sabuwa fil, kuma kowace rumfar zaɓe sai ta samu na'urarta. Rumfuna sun kusa 120,000, aka ƙara kashi goma saboda tsaro, lissafi ya tashi 132,000. Kowane akwati na ɗauke da laftof da kyamara da abin ɗaukar zanen yatsa da ƙaramar firinta da batir na ko-ta-kwana. A Nuwamban 2010 aka sa hannu. Zinox na Leo Stan Ekeh, kamfanin Najeriya, ya samu 80,000. Haier na ƙasar Sin 30,000. Avante na Amurka 22,000. Kowane akwati a wajen dala 1,700, jimilla kimanin naira biliyan 34. Babu HP babu Dell a cikin masu sa hannu. Lokaci ya ƙure, da jiragen sama aka yi ta jigilar kayan, har aka sace wasu 'yan kaɗan a filin jirgin Legas.

Ranar 15 ga Janairun 2011 aka fara, cikin hunturu. An ɗage komawar yara makaranta, 'yan bautar ƙasa suka zauna gindin bishiyoyi da akwatunansu. Kwanakin farko abin ya ƙi. Mutum ya ɗora yatsa, na'ura ta ƙi, ya goge da riga, ya hura, ya sake ɗorawa, ta ƙi. A wajenmu abin ya fi muni, don yatsan da ya shekara arba'in yana riƙe da ƙotar fartanya, ga kaushin sanyi a kai, zanensa ya kusa shafewa. Ba talaka kaɗai ba, har tsohon shugaban ƙasa Obasanjo sai da ta wahalar. Na ga tsofaffi sun wuni a layi sun koma gida babu kati.

Abin da ya ceci aikin shi ne manhajar a hannun hukumar take. Ba Windows aka sa ba, a kan Linux aka gina ta, kuma masu aikin hukumar ne suka rubuta. Da aka gano an tsaurara ma'aunin karɓar yatsa fiye da kima, sai aka sassauta aka raba gyaran, layi ya fara tafiya. Aka ƙara kwanaki har cikin Fabrairu, aka tashi da mutum miliyan 73.5. Rajistar ba ta rasa aibi ba, an gano masu yi sau biyu da yawa daga baya. Ni dai abin da na tsinta a ciki shi ne yadda mai saye yake in yana da murya. Ya faɗi abin da za a sa a akwati, ya faɗi manhaja, ya faɗi ranar kawowa, in abu ya karkace kuma makulli na aljihunsa. Ɗalibin da ke tsaye gaban kanta a Jega ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da wani manajan sayayya ya zaɓa a Frankfurt shekara biyar baya, shi zai tarar.

Ga ƙaramin misali da ke ci mini tuwo a ƙwarya duk lokacin da na zauna rubutu. A kundin gyaran kowace EliteBook akwai jerin allunan madannai da kamfanin ke bugawa, kowace ƙasa da lambarta. Mutanen Danmak wajen miliyan shida ne kacal, amma haruffansu na musamman suna nan a zane kan madannai. Masu magana da Hausa sun ninka su fiye da sau goma, babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Windows na da tsarin rubutun Hausa a ciki, amma sai ka san da shi, ka kunna, ka kuma haddace inda kowane harafi ya ɓuya. Shi ya sa takardun ofis da allunan talla suka cika da "kasa" inda ake nufin ƙasa, mai karatu ya yi ta canka. Zinox, da ya fito a 2001, ya yi alfaharin sa alamar naira a madannansa, kuma gwamnatin Obasanjo ta umarci ma'aikatu su riƙa sayen na gida, irin su Zinox da Omatek na marigayiya Florence Seriki. Ƙugiyar ƙ dai ba ta samu shiga ba. Kuma kwamfutocin gida sun fi rayuwa a takardar kwangila fiye da teburin ɗalibi. Wani abin ma, shi Ekeh yana da kamfanin rarraba kaya da ke cikin manyan dilolin HP a ƙasar nan. Ɗan kasuwa ya san inda ruwa ke gangarawa.

Masu sukar na gida sukan ce ɗaura kusa kawai suke yi wa kayan da aka yo daga Sin. Mun dai ga HP ma wani ke ɗaura masa. Abin da ya hana ɗan ƙanwata ambaton Zinox ba kishin ƙasa ya rasa ba. Ya san in gilashinta ya fashe a Aliero, sai an aika Legas, a jira, a yi addu'a. HP kuwa gawarta ta fi ta kowa yawa a ƙasar nan, shi ya sa ranta ya fi tsawo. Ka leƙa ƙarƙashin teburin kowane mai gyara, za ka ga matattu jibge: wannan an cire mata gilashi, waccan fanka, waccan ƙafar murfi. Tan 15,400 ɗin nan da ke isowa a mace, guba ne ga masu ƙona waya a bola don ciro tagulla, wannan babu musu, amma wani ɓangarensa shi ne kantin kayan gyaranmu. Cajar ma iri biyu ce ta mamaye gari, mai babban baki ta tsofaffi irin su 8470p, da mai shuɗin baki ta na baya.

Aliero ta yi suna da ɗori tun kafin jami'a ta zo a 2006. Daga nesa ake ɗauko mai karaya a kawo shi. In na zauna ina kallon mai gyaran laftof, su nake tunawa. Ya shafa, ya saurara, ya shinshina ko wani abu ya ƙone, ya ɗora ma'aunin wuta nan da can, sannan ya ce ga inda ta karye. Cututtukan ma na ƙasarmu ne. Ƙurar hunturu ta toshe fanka, zafin Afrilu da ke haura digiri 40 ya dafa batir har ya kumbura, wutar janareta ta yi tsalle ta ƙone hanyar caji. Ba a zana injin domin wannan yanayi ba, mai gyara ne ke sake zana shi da ƙarfen narka dalma. A nan dole in yi wa HP adalci: yana sakin kundin gyaran injunansa kyauta a intanet, kusa bayan kusa, kuma masu auna sauƙin gyara na iFixit sun ba wasu EliteBook maki goma cikin goma. Domin ma'aikatan ofisoshin Turai aka yi haka, mu dai mun ci albarkaci.

To in haka ne, labarin HP da ya shafe mu daban yake da wanda jaridun fasaha ke yayatawa. In sun yi bikin fito da sabuwar laftof, mu tallar abin da zai iso Jega bayan shekara huɗu ko biyar muke gani, kuma abin dubawa shi ne cikinta. Yayin yanzu sirantaka ne. A manyan samfura masu tsada ana narke ram a jikin allo, ba a cirewa ba a ƙarawa, wasu sababbin ƙwaƙwalen Intel ma da ram ɗinsu a manne suke fitowa. In guntu ɗaya ya mutu, allon gaba ɗaya ya tafi. Ga makullan tsaro da ma'aikatu ke sawa don maganin ɓarayi, waɗanda in an manta ba a kwance ba kafin sayarwa, injin lafiyayye kan iso nan ya tsaya yana neman kalmar sirrin wani ofis da ke wata nahiya. Matsakaitan samfuran ofis har yanzu suna da ramin ram guda biyu da batir mai kusa. Ranar da aka daina yin su haka, bayan 'yan shekaru mai gyaran bakin tasha zai ji a jikinsa, ba tare da kowa ya aiko masa da sanarwa ba.

Wata guguwar ma ta riga ta taso. Ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya daina kula da Windows 10, in ban da ƙarin wa'adi ga wanda ya yi rajista ta musamman. Windows 11 kuwa a hukumance, in ƙwaƙwalwar Intel ce, ba ya hawa sai kan jenareshin na takwas zuwa sama, wato a dangin 840 daga G5. Kamfanin nazarin kasuwa na Canalys ya ƙiyasta cewa kwamfuta wajen miliyan 240 za su iya zama shara saboda wannan. Ga HP da Dell da Lenovo kaka ce ta yi kyau, ofisoshi na sayen sababbi. Waɗanda aka kora kuwa mun san hanyar da za su biyo. Za su yi araha, kuma da buƙata: tun 2015 hukumar jarrabawar shiga jami'a ta JAMB ta koma jarrabawa da kwamfuta zalla, kowace cibiya sai ta tanadi aƙalla 250, kuma da wuya mai cibiya ya cika irin wannan zaure da sababbi. Masu gyara sun iya lallaɓa Windows 11 su ɗora a kan tsohon inji, yana tafiya, amma ba wanda ya yi alkawarin gobe. Ra'ayina, wanda zai shiga asusun banki da ita ko ya ajiye bayanan marasa lafiya, ya daure ya ƙara kuɗi ya ɗauki ta takwas; sayen nagari mai da kuɗi gida. Wanda rubutu da karatu kawai zai yi, G3 ta ishe shi, in ya sa mata Linux ma ya huta. Mutanen da aka yi wa rajistar zaɓe da Linux bai kamata su riƙa tsoronsa kamar dodo ba.

Sai kuma tsadar ram da ta kunno kai a ƙarshen 2025, bayan masu ƙera shi sun karkata ga manyan rumbunan ƙirƙirarriyar basira. A Nuwamban shekarar HP ya gargaɗi masu hannun jari cewa abin zai taɓa ribarsa, ya kuma ce zai rage ma'aikata 4,000 zuwa 6,000 kafin ƙarshen 2028. In sabuwa ta yi tsada a can, ofis zai ƙara riƙe tsohuwa shekara ɗaya ko biyu, ɗan sari kuma zai zare ram ɗaya ya sayar daban kafin ya rufe kwali. Mai saye a nan ya riƙa buɗewa yana ƙirgawa da idonsa, kada ya yi cinikin biri a sama.

Mu dai a ranar da muka je shagon mun zare caja mun bar ta tana nuna bidiyo, muka sha ruwan leda muna kallon yadda batir ke sauka. Na sa hannu a gefen fanka na ji iskar. Yaron ya zauna zai gwada rubutu, ya nemi Y a inda aka zana shi ya danna, ya so ya rubuta "yau" sai ga "zau". Mai shago ya yi dariya, ya jawo wata takardar sitika daga aljihun tebur, ya bi madannan ɗaya bayan ɗaya yana liƙa musu haruffan Ingilishi a kan na Jamusanci.

Ta yi masa shekara huɗu da ɗoriya, har da watannin yajin aiki. A aji biyu ta faɗo daga kan babur tsakanin Jega da Aliero, aka sa mata gilashin wata 'yar'uwarta da ruwa ya kashe. A aji uku aka sake batir. Da ya gama, uwarsa ta karɓe ta ta ba ƙanwarsa da ke kwalejin kiwon lafiya a nan Jega, aure na uku ke nan. Rannan ta zo da ita gidana in duba mata wani rubutu. Sitikar ta fara ɗagowa a gefe, Z ɗin Jamus yana leƙowa ta ƙarƙashin Y.